Dashen birni a gidan ƙauye: labarin wani magidanci na Gidigir

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, damina ta matso. Tare da damina lokacin dashen itace yake zuwa. Tun shekarar 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar Nijar. A da, dashe daga hannun ma'aikatan gandun daji yake fitowa. Su ke renonsa, su raba wa samariya da makarantu da masu gari. Yau abin ya faɗaɗa. A manyan birane akwai mutanen da renon itace ya zama sana'arsu. Wanda ya shiga Damagaram ko Maraɗi ko Yamai zai gan su a bakin hanya, sun jera ƴan itatuwa da furanni cikin baƙar leda. Suna sayar da dashe. In an biya su, sukan bi mutum har gida, su haƙa rami, su dasa, su gyara masa tsakar gida.

Sana'a ce ta halal, kuma tana da amfani. Amma kafin mutumin ƙauye ya ba da kuɗinsa, akwai abubuwan da ya kamata ya sani. Ga abin da ya sami wani magidanci na Gidigir. Ku karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Kwari da tudu

Gidigir tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da Difa. Tsakaninta da Damagaram wajen kilomita 100 ne. Ƙasa ce ta rairayi. Ruwan sama kaɗan ne, wajen milimita 300 a shekara. Wata shekarar ma ba ya kaiwa. Arzikin wurin yana cikin kwaruruka. A kwari ruwa yana kusa. Nan ake samun dabino da goriba, nan ake garkar rogo da masara da albasa. A tsakiyar wasu kwaruruka ana ɗibar kanwa. Gidaje kuwa a tudu suke, inda iska take kaɗawa, rijiya kuma take da zurfi. Itacen da ya ji daɗin kwari ba lalle ne ya rayu a tudu ba.

Magidancin nan ya kusa shekara 60. Yana da gonar hatsi a tudu. Yana da garka a kwari, da dabinon da ya gada daga mahaifinsa. Babban ɗansa yana ci-rani a Libiya. Yaron ya aiko kuɗi, aka gina ɗaki biyu na siminti, aka kewaye gida da katanga. Daga baya ya aiko hoton wani gida ta waya, gida mai inuwa da furanni. Ya ce yana son amaryarsa ta tare a gida irin wannan. An riga an sa ranar biki, cikin bazara.

Ciniki a Damagaram

Magidancin ya shiga mota ya tafi Damagaram. Ya tsaya wurin wani saurayi mai renon itace.

"Sannu da aiki, samari."

"Yawwa Baba, sannu da zuwa. Me za a ba ka?"

Ya nuna masa hoton. Saurayin ya duba, ya ce: "Baba, yanzu watan Maris muke. Da ka bari ruwa ya sauka."

Ya ce: "Ɗana, biki ba ya jiran damina."

Saurayin bai ƙara magana ba. Shi ma yana da iyali, ciniki kuma ya zo masa har ƙofa. Bai tambayi inda gidan yake samun ruwa ba. Bai tambaya ko akwai dabbobi ba. Magidancin ya riƙa nuna abin da ya ba shi sha'awa, saurayin yana warewa. Mangwaro mai aure 6. Lemo 4. Gwaba 4. Turare 6. Sai wani fure mai dogon ganye da jan kai, guda 10. Duka 30 ke nan. Da kuɗin dashe da kuɗin mota da ladan aiki, ya biya jika 45.

Aka ɗora dashen a saman mota, ba rufi. Aka bi ta Mirya da Gidimuni da tsakar rana. Kafin a iso, iska ta kakkaɓe ganye da yawa. Saurayin ya kwana biyu yana aiki. Ya yi aikinsa da kyau. Ya jera furen a bakin ƙofa, ya jera turare a jikin katanga. Ya karɓi sauran kuɗinsa ya koma. Ranar biki, duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Lissafin ruwa

Da baƙi suka watse, sai aiki ya fara. Ƙaramin dashe a cikin rairayi, a bazara, yana son bokiti ɗaya na lita 10 kowace rana. Dashe 30 ke nan lita 300. Wato bido 12 na lita 25. Ban da ruwan sha. Ban da na girki da wanka. Ban da na tumaki. In a famfo za a saya, bido ɗaya dala 5, kuɗin wata ya kama jika 9.

Nauyin ya faɗa kan uwargida da jikarta da jaki. Yarinyar ta fara makara zuwa makaranta. Ran nan uwargidan ta ce: "Malam, itatuwan nan sun fi mu shan ruwa."

Sai ya fara ɗauko ruwa da amalanke daga rijiyarsa ta kwari, don na kyauta ne. Amma ruwan wannan rijiya yana da kanwa. Dabino yana jure wa kanwa. Mangwaro da lemo ba su jurewa. Bakin ganyensu ya ƙone, kamar an kanga musu wuta. Iska mai zafi ta ƙara. Gara ta shiga saiwar waɗanda suka yi rauni. Kafin ƙarshen watan Mayu, 11 kaɗai suka rage: turare 3 da fure 8.

Awakin maƙwabci

Da a nan maganar ta tsaya, da asarar kuɗi ce kawai. Maƙwabcinsa makiyayi ne. Shekara da shekaru suna zaman lafiya. Shi yana ba da kara da harawa, makiyayin yana ba da taki da nono. Wata rana yara suka bar ƙofa a buɗe. Awaki uku suka shiga. A ƙarshen bazara babu ɗanyen ganye a daji, sai suka faɗa wa furen nan. Kafin gari ya waye, biyu sun mutu.

Aka kira likitan dabbobi. Da ya ga ganyen, sai ya gane shi. Masu jin Faransanci suna kiransa loriye-roz. Dafi ne tun daga ganye har saiwa, ɗanye ko busasshe. Yana tsayar da zuciyar akuya da tunkiya da saniya da jaki. Yana iya kashe yaro. Ba a hura wuta da shi. Ba a yin tsinken nama ko asuwaki da shi. A birni ana dasa shi don yana da kyau, kuma yana jure ƙishirwa.

Magana ta je gaban mai gari. Makiyayin ya ce: "Ranka ya daɗe, awakina sun san ganyen daji, mai kyau da mugu. Wannan baƙo ne, ba su san shi ba. Ni ma ban san shi ba." Magidancin ya ce: "Ranka ya daɗe, cikin gidana na dasa, ba a burtali ba." Mai gari ya saurari kowa. Ya ce kowa yana da rabonsa a cikin laifin. Ya yanke cewa magidancin ya biya akuya ɗaya, ya kuma tumɓuke furen ya binne shi a rami mai zurfi. Haka aka yi. Amma aka yi watanni gaisuwar gidajen biyu ba ta wuce "lafiya lau" ba.

Tambaya uku

Ranar kasuwa, magidancin ya gamu da ma'aikacin gandun daji. Ya ce: "Mushe, mutanen birni sun cuce ni."

Ma'aikacin ya ce: "Baba, abin da ka nuna shi aka sayar maka. Laifin yaron shi ne bai tambaye ka ba. Kai ma ba ka tambaye shi ba. Kafin a sayi dashe, tambaya uku ce. Ina ruwan da zai sha, kuma wane iri ne? Wane ne zai ba shi ruwan har shekara biyu? Me zai raba shi da bakin dabba?"

Ya ƙara masa bayani. Dashen birni a inuwa ya tashi. Safe da yamma ana ba shi ruwan famfo. Bai san iskar tudu ba. In za a kai shi ƙauye, sai an rage masa ruwa sannu a hankali, an saba masa da rana. Sannan ya ce: "Baba, ka kashe jika 45 a tsakar gida. Ka duba tudun rairayin da ke gabas da garkarka kuwa?"

Magidancin ya yi shiru. Ya san tudun. Tun farin 1973 da na 1984 ciyawa da itatuwan da ke riƙe da shi suka ragu. Duk hunturu iska tana turo shi. Ya riga ya binne gindin goriba biyu a bakin kwari. Bayan goriba, dabinonsa ne. Wannan ba ciwon Gidigir kaɗai ba ne. Saboda shi aka buɗe wani babban aiki mai suna PLECO a shekarar 2010, don kare kwarurukan Gure da Maine-Sorowa daga rairayi. Dabarar kowa ya gan ta. Ana kafa shinge da rassan kalimbo ko kaba, gida-gida kamar dara. Shingen yana karya ƙarfin iska. In damina ta sauka, sai a dasa itatuwa masu jure fari a cikin gidajen. Sannan a hana dabbobi shiga har su kama.

Komawa da takarda

Da shekara ta kewayo, magidancin ya koma Damagaram. Wurin saurayin nan ya koma. Ya gaya masa duk abin da ya faru. Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce: "Baba, ka yafe mini. Nan birni ba mai tambayar akuya."

Wannan karon ya zo da jikansa, wanda ya iya karatu da rubutu. Aka rubuta sharaɗi da Hausa, a gaban shaidu biyu. Saurayin zai zo ya ga wurin kafin a sayi ko ɗaya. Za a dasa a ƙarshen watan Yuli, bayan ƙasa ta jiƙe. Za a ba shi rabin kuɗinsa ranar dashe. Sauran rabin sai bayan wata shida, in an ƙirga masu rai. Wanda ya mutu don dashen ba shi da lafiya, shi zai maye. Wanda ƙishirwa ko dabba ta kashe, asarar mai gida ce. Saurayin ya yarda. Ya ce wannan takarda ta kare shi kamar yadda ta kare Baba.

Ya zo. Ya ɗanɗana ruwan famfo, ya ɗanɗana na rijiyoyin kwari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mangwaro biyu sun isa, kuma a gefen kwari, kusa da rijiyar da ba ta da kanwa. A gida ya sa dogon yaro biyu, nesa da katanga da taku shida, don saiwa kada ta fasa gini. Ya sa zogale biyar kusa da wurin wanke-wanke, inda ruwa ke zuba a banza. Ya sa lalle uku a ƙofar uwargida. Duka 12. Kowane ɗaya aka killace shi da ƙaya.

Ya zo da ƴan dabino cikin leda, ya ce tukuici ne. Magidancin ya yi dariya. Ya ce: "Ɗana, wannan daga ƙwallo ka shuka shi. Dabino akwai namiji akwai mace. Na ƙwallo ba ka sanin ko wane ne sai ya yi shekaru yana shan ruwanka. Kusan rabi maza za su fito. Mu daga gindin uwa mai kyau muke cire ɗa. Ɗan gindi halin uwarsa yake ɗaukowa." Saurayin ya ce bai taɓa cire ɗan gindi ba. Tsohon ya kai shi garka ya nuna masa.

Shi kuma saurayin ya nuna abin da ya iya. A gonar tudu akwai magarya da ta fito da kanta. Ya yanke reshenta, ya ɗaura mata aure da wata magarya mai manyan ƴaƴa, wadda ake kira pom-di-Sahel. Asalin irin daga Indiya yake. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa shi a ƙasar nan bayan shekarar 2000. Saiwa ta gida ce, ta riga ta kai inda danshi yake, ba ta neman bokiti. Kai kuwa baƙo ne, mai manyan ƴaƴa. Jikan ya tsaya yana kallo. Kafin saurayin ya tafi, yaron ya ɗaura aure uku da hannunsa. Biyu suka kama.

Dashen tudun rairayi kuwa ba daga Damagaram ya zo ba. Daga wurin renon wasu mata na nan kusa aka sayo dakwara da aduwa da kandili. Sun fi araha. Sun tashi da ruwan wurin da iskar wurin. Ba su sha wahalar mota ba. Dakwara kuma in ta girma tana ba da ƙaro.

Bayan wata shida aka ƙirga. Cikin 12 na gida da garka, 10 suna da rai. Aka cika wa saurayin kuɗinsa. Jika 45 na farko kuwa ba su dawo ba. Tudun ma bai tsaya ba tukuna, don shingen mutum ɗaya ba ya tare shi. Rairayi yana kewayowa ta garkar da ba a yi wa shinge ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu garka da makiyaya sun fara zama a ƙofar mai gari, don a san inda za a killace da inda dabbobi za su bi su sha ruwa. Makiyayin nan yana cikin masu zaman. Shi ne ya nuna inda tsohon burtali ya bi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Dashe yana yin kyau in an sa itacen da ya dace a wurin da ya dace. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa dogon yaro layi-layi a shekarar 1975 don tare iska. Ma'aikatan gandun daji ne da ƙungiyar CARE da manoman wurin suka yi aikin. Ya kama, don ruwa yana kusa, kuma an sa masu gadi.

A wasu wurare kuwa an dasa da yawa, kaɗan suka rayu. A ƙasar Maraɗi, a shekarar 1983, wani ma'aikaci ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gona suna da rai. Saiwarsu tana nan. In an bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, aka sassabe sauran, itace ya dawo. Wannan shi ne sassaben zamani. A shekarar 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga baya masu bincike suka kimanta cewa manoman Nijar, galibi na Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5. Gawo yana da yawa a cikinsu. Shi kuwa gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani ƴaƴansa abincin dabbobi ne. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka kan wannan aiki, don manomi ya ci moriyar itacen da ya raya a gonarsa.

Wato itacen da ya fi araha shi ne wanda yake cikin gonarka tun da can. Mai dashen birni ana ɗauko shi don abin da babu a gida: iri mai aure, da hannun da ya iya ɗaura auren.

Ga shawara ga mai son ɗauko mai dashe

1. Ka fara ƙirga ruwanka, sannan ka ƙirga dashe. Biyar masu rai sun fi 30 matattu.

2. Ka shawarci wanda zai ɗebo ruwan. In uwargida ce da yara, da su za a yanke magana.

3. Mai dashe ya zo ya ga wurin, ya ɗanɗana ruwan, kafin ka biya.

4. Ka tambayi sunan kowane itace. Ka tambaya ko yana cutar dabba ko yaro. In bai sani ba, ka bar shi.

5. Kada tsawo ya ruɗe ka. Ka zaɓi mai kauri, mai koren ganye. Ka ɗaga ledar. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki, dashen ya tsufa a leda.

6. In an ce mai aure ne, a nuna maka tabon auren. Wajen dasawa, tabon ya zauna sama da ƙasa. Duk tsiron da ya fito ƙasa da tabon, ka cire shi.

7. A ɗauko da sassafe ko da yamma, a rufe. In an iso, a ajiye a inuwa kwana uku, ana ba da ruwa.

8. A dasa bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi. Na mangwaro da lemo ya fi haka. A zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran gara. A yanke gindin ledar, a cire ta duka, kada a yar da ita inda dabba za ta ci.

9. A killace tun ranar dashe, ba gobe ba.

10. A rubuta sharaɗi, a sa shaidu. Kada a biya duka rana ɗaya.

Ƴan'uwa makiyaya, ku ma ku riƙa lura. In kun ga baƙon ganye a ƙofar gida, ko a makaranta, ko a gidan likita, ku tambaya kafin dabbobinku su kusance shi. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda yake son ƙarin bayani, ya nemi ma'aikacin gandun daji na garinsa tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya abin da aka dasa, ya ƙara zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Amin.